Ranar Da Doron Gada Ya Miƙe

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma ko da yake mu ma'abota rediyo da ji muke cin abinci, yau sai na sallama wa masu kyamara, domin akwai al'amarin da ba don shaidarsu ba, da hankali ya yi gardama a kansa.

A birnin San Francisco na Amurka akwai gadar Golden Gate, wadda aka buɗe ranar 27 ga Mayu, 1937, aka keɓe yinin farko ga masu tafiya a ƙasa, har kimanin mutum 200,000 suka haye ta, wasu da gudu, wasu da baya da baya. Bayan shekara 50, ranar 24 ga Mayu, 1987, mahukunta suka sake tsayar da motoci domin jama'a su taka gadarsu.

To, a nan nake so ku ba ni aron kunnuwanku. Tun kafin alfijir ya keto jama'a suka yi ta kwararowa, wasu daga kudu, wasu daga arewa, har ayarin biyu suka yi kiciɓis a tsakiya, gaba ta toshe, baya ta toshe, kimanin mutum 300,000 a kan gada guda, ba masaka tsinke. Ita kuwa gadar, bisa ga yadda aka ƙera ta, tana da ɗan doro a tsakiyarta. Amma da nauyin 'yan Adam ya hau ta, nauyin da ya zarce na motocin da ta saba ɗauka, sai doron nan ya miƙe. Ya miƙe, jama'a! Uban da ke tsaye da ɗansa a kafaɗa ba ya ganin haka, alhali ƙafarsa na cikin ƙafafun da suka danne ta. Waɗanda suka ja nesa da kyamarori, daga gaɓar ruwa da kuma sararin sama, su ne suka riƙe mana hujja. Daga baya injiniyoyi suka ce gadar ba ta kusa faɗuwa ba, alhamdu lillahi.

Izinar da na ɗauka ita ce, wanda ke cikin taro ba ya sanin girman taro, saboda haka ɗaukar hoto amana ce. Ya kai matashi mai waya a hannu, idan ranar Takutaha ta zo, Kanawa suka cika tituna zuwa Dala, kada ka ƙare a kan fuskokin manya. Nemi tudu, ka ɗauki jama'a, domin jikokinsu su ga yawansu.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.