Masu zanen da suka hana ɓarayin Faransa sakat

A shekarar 1830 Faransa ta yi sabon sarki, Louis-Philippe, wanda attajirai da masu bankuna suka ɗauka nasu ne. A zamaninsa sai mai biyan harajin faran 200 ke da ƙuri'a. Talaka ba shi da bakin magana a majalisa, sai dai ya leƙa jarida ya ga yadda masu zanen barkwanci suke yi wa manya tsirara.

A Disambar 1831 wani saurayi ɗan Marseille, Honoré Daumier, ya zana sarki da ƙaton tumbi zaune a kan kujerar ba-haya. An jingina dogon katako daga ƙasa zuwa bakinsa, fadawa suna hawa da kwanduna cike da kuɗin da aka tatsa daga talakawa suna zuba masa. A ƙarƙashin kujerar kuwa takardun muƙamai da lambobin yabo ne ke faɗowa, 'yan siyasa suna wawaso. Sunan zanen Gargantua. Ladansa wata shida a kurkukun Sainte-Pélagie da tarar faran 500.

Maigidansa, Charles Philipon, mai jaridun La Caricature da Le Charivari, ya fi shi taurin kai. Da aka gurfanar da shi a Nuwambar 1831, sai ya ɗauki alƙalami a kotu ya yi zane huɗu, fuskar sarki tana rikiɗa sannu a hankali har ta koma ɗan itacen fiya irin na Turai, tsukakken sama, faffaɗan ƙasa. Hujjarsa ita ce in kama laifi ce, to a kama ɗan itacen ma. Alƙalai ba su yi dariya ba, sun ɗaure shi. Amma kafin ka ce kwabo yaran Paris sun cika bangwaye da hoton fiya.

Dokar Satumbar 1835 ta ce ba a buga zane sai hukuma ta duba. A ganina nan gwamnati ta yi wa kanta, domin da aka hana su taɓa sarki sai suka juya kan masu kuɗi. Daga 1836 zuwa 1838 Daumier da Philipon suka fitar da zane kusan ɗari a kan Robert Macaire, wani ɗan damfara da aka aro daga wasan kwaikwayo. Yau shi ne mai banki, gobe lauya, jibi likita, gata yana tallar hannun jarin kamfanin da babu shi, yaronsa Bertrand ramamme na biye da shi yana gyaɗa kai.

Daumier ya kuma ƙera kawunan 'yan majalisa da yumɓu, ko gasawa bai yi ba. Guda 36 suna gidan tarihi na Orsay har yau, kowanne da kumatunsa.

Ba sharri masu zanen suka yi ba. A 1847 aka kama tsohon ministan ayyuka, Jean-Baptiste Teste, da karɓar toshiyar faran 94,000 kan lasisin haƙar gishiri, aka yanke masa shekara uku. A Fabrairun 1848 jama'a suka tashi, sarki ya gudu Ingila a ɓoye da sunan Mista Smith.