Kalmar Mai Horarwa da Tsallen Ɗan Wasa

Wanda duk ya tsaya a filin wasa na Kano Pillars da ke Sabon Gari, ko a filayen makarantun Fagge, zai ji masu horarwa suna ba da umurni iri biyu. Wani ya ce, "Miƙe gwiwarka da sauri!" Wani kuwa ya ce, "Taɓo sandar can!" Na fari ya mai da hankalin yaro ga gaɓoɓinsa, na biyu ya kai shi ga wani abu da ke wajen jikinsa. Tsallen da a ke nema ɗaya ne, amma abin da a ke samu ya kan bambanta.

Gabriele Wulf da abokan aikinta su ne su ka fara gwada wannan al'amari a 1998. A 2010 kuma Jared Porter da waɗansu masana a Amurka su ka gwada mutum 120 a tsallen nesa daga tsaye. Waɗanda a ka ce su yi nisa da layin tashi sun ɗara waɗanda a ka ce su kula da miƙe gwiwa da kimanin santimita 10. Dalilin da Wulf ta kawo shi ne, jiki ya riga ya san yadda zai haɗa ƙugu da gwiwa da idon sawu a tashi guda. In mutum ya sa wa gaɓa ɗaya ido, sai ya katse wannan haɗin, tsokoki su yi ta ja-in-ja, ƙarfi ya tafi a banza. Amma fa a 2024 waɗansu masana sun sake bin rahotannin, su ka nuna an fi buga gwaje-gwajen da su ka yi nasara, saboda haka amfanin bai kai yadda a ka zata ba.

Ko da ya ke haka ne, akwai abin lura ga malamin Hausa. Ɗan langa ba ya tunanin ƙafar da ya ke tuma da ita. Idonsa na kan wurin sha. Harshen kuma ya tanadi kayan aiki. Aikatau masu ƙarewa da -o, watau aji na 6 a tsarin F. W. Parsons na 1960, kamar taɓo, kamo, ciro, suna ɗauke da nisa a cikinsu: mutum ya kai can, sa'an nan ya komo. Haka "ture ƙasa" da "tsallake igiya" sun ambaci abin da za a yi wa aikin, ba gaɓar da za ta yi shi ba.

Haɗarin yana wajen fassara. Malamin da ya koyi darasin motsa jiki da Turanci, in ya juya shi kalma da kalma, sai ya cika kunnen yaro da sunayen gaɓoɓi. Ya kamata kwalejojin horon malamai su koyar da bayanin gaɓoɓi a aji, amma a bakin ramin tsalle a taƙaita magana, a ambaci sanda, ko layi, ko ƙasa.