Me ya sa feshi ke kasa kashe tsutsar masara a Jigawa?

A 2016 aka fara gano wannan tsutsa a Najeriya, bayan ta ƙetaro daga nahiyar Amurka. Yau manoman masara da dawa a Dutse, Kiyawa da Birnin Kudu sun san ɓarnarta.

Uwarta, wani malam-buɗe-littafi mai yawon dare, kan zuba ƙwai har 1,000. Da zarar tsutsar ta yi ƙwari, sai ta shige cikin ganyen da ke nannaɗe a tsakiyar shuka, inda magani bai cika kaiwa ba.

Don haka feshi tun tana ƙarama ne ke da amfani. Gane lokacin kuwa sai da malamin gona a kusa, kuma tura shi ƙauye nauyi ne da ke wuyan hukumar JARDA.