'Yar Tsana da Suturarta a Birnin Katsina

Daga cikin al'adun da mutanen birnin Katsina suka gada kaka da kakanni, waɗanda masu rubuta tarihi ba su cika waiwayarsu ba saboda ƙanƙantarsu a ido, alhali kuwa a kansu aka gina tarbiyyar mata masu yawa, akwai al'adar haɗa 'yar tsana da yi mata sutura. Baƙon da ya shigo ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga, ya tsaya gindin Hasumiyar Gobarau, ya ziyarci makwancin Waliyyi Ɗan Marina, ya leƙa tsohuwar Kwalejin Katsina wadda yanzu ta zama gidan adana kayan tarihi, yana iya cewa ya ga gari. Amma wannan sana'a ba a ganinta sai an wuce zaure, an shiga tsakar gida a Gambarawa, ko Masanawa, ko Rafindadi, inda 'yan mata ƙanana kan baje ƙyallayensu bisa tabarma bayan an taso daga makarantar allo.

Kowane abin da ake haɗa 'yar tsana da shi yana da lokacinsa a shekara. Idan kaka ta yi, aka yanke gero da dawa, aka shigo da kara gari don danni da makamashi, sai yarinya ta zaɓi mai kauri wanda ba shi da tsaga, ta yanka shi gwargwadon tsawon tafin hannunta. Idan Babbar Salla ta wuce, sai a nemi ƙashin ƙafar ragon layya, a kankare shi, a wanke, a shanya har ya yi fari, domin 'yar tsanar ƙashi ta fi ta kara ƙarko, tana iya shekara da shekaru a hannun mai ita har ta bar wa ƙanwarta. Wasu kan yi da totuwar masara, wasu da yumɓu, waɗanda hannunsu ya faɗa kuwa sukan ɗinka ta tsumma, su cusa mata audugar rimi har ta yi laushi, ta yi daɗin goyo. Gashi kuma da baƙin zare ake yinsa ko abawar da aka tsoma a shuni, a liƙa da danƙo ko a ɗinke, sa'an nan a zauna a yarfa mata kitso, shuku ko kalaba, da tsinke. Galibi ba a wahalar da kai wajen fitar da kamannin fuska. Ɗigo biyu na kwalli sun isa.

Sutura ita ce inda fasaha take bayyana, kuma asalinta abin da manya suka yar ne. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da teloli ke kwana bisa keke saboda ɗinkin Salla, ƙarƙashin teburinsu kan cika da guntayen atamfa da shadda da leshi, a zamanin da kuwa akoko da alawayyo da saƙi, har wani lokaci a yi dace da ɗan ƙaramin karammiski. Sai ka ga yarinya ta durƙusa a bakin shago ta ce, "Baba, ina wuni? Don Allah a taimake ni da ƙyalle." Shi kuwa, ba tare da ya ɗaga ƙafa daga keke ba, sai ya ce, "Ɗebi na ƙasa, 'yata, kada ki taɓa na kan tebur." Da wannan ɗan abin da ta ƙulle a bakin zanenta za ta fitar da zane, da riga, da kallabi, da mayafi, da majanyi, kuma tun daga nan take fara sanin cewa yadi yana da tsawo da faɗi, cewa zanen atamfa yana da sama da ƙasa, cewa wanda ya yanka kafin ya auna ya yi asara.

Malamar wannan makaranta, mafi yawa, kaka ce, domin uwa tana da aikin gida, kuma kunyar 'yar fari kan hana ta sakewa da ita. Tsohuwa kan karɓi ɗinkin, ta kai shi kusa da ido, ta ja bakin zaren da farce, in ya warware ta ce, "Haba kishiyata, da wannan ɗinkin za ki ƙwace mini miji? Zo ki ga yadda ake kalmasa." Sai ta naɗe bakin ƙyallen sau biyu, ta danne da babban yatsa, ta soka allura ta fitar kusa da kusa, ta yi uku ko huɗu, ta miƙa wa jikar ta ƙarasa. Rigar da ba ta fi faɗin yatsu uku ba tana buƙatar a huda mata wuya daidai tsakiya, a haɗa gefe da gefe, a juya ta ciki ya koma waje don ɗinkin ya ɓuya. Kuma wadda ta iya wannan a ƙarami, ba za ta rasa iya shi a babba ba.

Bayan sutura sai kayan ado da kayan ɗaki. Duwatsun da suka zube daga tsinkakkiyar jigidar uwa su ake tsincewa a shirya mata abin wuya. Siririyar waya ta zama warwaro. Takardar alewa mai ƙyalli ta zama 'yan kunne. Ana saƙa mata ɗan faifai da 'yar tabarma da ragowar kaba, a jera murafen kwalba a matsayin tasoshi, a mai da kwalin ashana akwatin lefe. A nan ne 'yan'uwa maza ke shigowa, domin su ne gwanayen kara da langa-langa: wan yarinya shi ke fere ɓawon kara ya sossoke shi cikin totuwa ya haɗa mata gado mai rumfa, ko motar da za a kai amarya, ita kuma ta biya shi da ƙuli-ƙuli ko ɗan wake.

Idan kaya suka kammala sai a sa ranar biki. Ƙawaye kan taru a gidan uwar amarya, a kawo lefe a buɗe a ƙirga, a sa lalle, a yi jere, a dafa tuwon ƙasa da miyar ganye, wani lokaci kuma iyaye su ba da ɗan tsaki da mai a yi girki na gaskiya a 'yar tukunya. Daga nan a lulluɓe amarya, a rangaɗa guɗa, a raka ta gidan ƙawar da ke riƙe da ango. Bayan 'yan kwanaki a ce ta haihu, a yi barka, a yi suna. Wadda aka kawo wa gudummawar ƙyalle yau, wajibi ne ta rama gobe, wadda ta ƙi zuwa bikin wata kuwa za ta ga nata ya yi fayau. Ta haka yarinya ke gane cewa zumunta a ƙafa take tun ba ta san nauyin kalmar ba.

Gari irin Katsina, wanda ya shahara da malamai tun zamanin Ɗan Masani, ba zai bar irin wannan al'ada ta zauna cikin gidajensa ba tare da hujja ba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslimu cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kasance tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kuwa hana ta ba. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa har doki mai fukafukai na ƙyalle ya gani a cikinsu, ya yi dariya. Saboda haka ne fuƙaha'u irin su Alƙali Iyal mai Ashafa, wanda ya rasu a 1149, suka keɓance 'yar tsana daga hanin da aka yi game da surori, suna masu kafa illa da cewa tana horar da 'ya mace ga renon 'ya'ya da tattalin gida.

A yau 'yar tsanar roba, wadda ake shigowa da ita daga ƙasar Sin da rigarta a jikinta, ta cika kasuwa, ta kara da ta ƙashi kuwa sun ja baya. Abin lura shi ne, a daidai wannan zamani wasu suka gane darajar abin da muke saki. A Legas, Taofick Okoya ya fito da 'yan tsana masu baƙar fata da tufafin ƙasar nan a 2007. Haneefah Adam kuma, 'yar Ilori, ta yi suna a duniya a 2016 saboda ƙananan hijabai da dogayen riguna da take ɗinka wa 'yar tsanar Barbie da hannunta. Abin da jaridun Amurka da Ingila suka yaba mata a kai, shi ne abin da kakanninmu mata suka koya a gindin rumbu.

Laifin ba ga robar yake ba, domin ita ma ana iya tuɓe ta a ɗinka mata zane da kallabi. Hasarar tana ga yarinyar da aka miƙa wa abu gamamme, ba ta auna ba, ba ta yanka ba, ba ta warware ta sake ba. Don haka ina kira ga iyaye mata da kakanni da malaman makarantun Islamiyya na birnin Katsina, su mayar da allura da zare hannun 'ya'yansu, ga teloli kuma su daina ƙone ƙyallaye, su tara su a buhu don yaran unguwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka a hannuwansu.