Hazo A Hanyar Garwa: Gudu Daidai Da Ganin Ido

Da zarar watan Disamba ya kama, mu da ke safara tsakanin Garwa, Marwa da kasuwannin iyakar Nijeriya mun san baƙon da ke tafe. Iskar hunturu ce ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, ta zo ta lulluɓe kwarin Binuwai, har wata safiya mutum ya doshi kasuwar Pitoa ta ranar Lahadi ya nemi dutsen Tinguelin ya rasa.

Shi wannan hazo ana auna shi. A filin jirgin saman Garwa, ma'aikatan yanayi na hukumar ASECNA kan duba wasu alamomi da aka san nisansu, su rubuta mafi nisa da ido ya iya kaiwa. Idan ganin ya gaza mita 1,000, ana ɗaukar al'amarin da tsanani. To, matuƙin jirgi yana da mai faɗa masa. Direban da ya ɗauko mana albasa ko atamfa fa?

Shi ma yana da ma'auninsa. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Saboda haka direba ya ƙyalla ido kan bishiyar da ta fara bayyana cikin hazo, ya ƙirga har ya iso ta. In bai kai huɗu ba, abin da yake gani bai kai mita 100 ba, kuma gingimarin da ke danƙare da kaya da wuya ya tsaya kafin nan. A Faransa doka ce: gani ya gaza mita 50, gudu ba ya wuce kilomita 50.

Sai a kunna ƙaramar fitila, domin babbar tana dawo da haske cikin ido. A daina tsere da motocin auduga, a kula da shanu da 'yan acaba. Wanda ya lalace ya sauka daga kwalta, ya jera ganye tun daga nesa.

Mu masu kaya muna da namu laifin, don mu ne ke matsa wa direba a kan kada kasuwa ta watse. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. Allah Ya kai mu lafiya.