Chris Barber: Baturen Da Ya Ari Kiɗa Bai Manta Da Masu Shi Ba

Wani abokin aikina ya shigo ofis ya tarar ina sauraren wani tsohon kiɗan Turawa, sai ya tambaye ni cikin raha ko me ya haɗa malamin harshe da busa ƙaho. Amsar da na ba shi ba ta gamsar da ni kaina ba, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta wannan fili. Kiɗan na ƙungiyar Chris Barber ne, mutumin Ingila da aka haifa a garin Welwyn Garden City ranar 17 ga Afrilu, 1930, ya kuma rasu ranar 2 ga Maris, 2021, yana da shekara 90. Abin da ya ja hankalina gare shi, alal haƙiƙa, tambaya ce da mu masu nazarin harshe muka daɗe muna fama da ita: idan mutum ya koyi abin da ba na gidansu ba, wane haƙƙi ne masu abin suke da shi a kansa?

Kiɗan jaz dai na baƙaƙen fatar Amurka ne, ya tashi a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20 a hannun jikokin bayi. Barber bai taso kusa da su ba. A faifan garmaho ya san su, yana yaro, ya riƙa tara fayafayen King Oliver da Louis Armstrong. Ya fara koyon aikin lissafi a kamfanin inshora, amma ya watsar, ya shiga makarantar kiɗa ta Guildhall a Landan. Abin busarsa shi ne turambon, wani dogon ƙaho na tagulla da ake zuge hannunsa gaba da baya domin sauya murya.

A 1953 shi da abokansa suka ɗauki Ken Colyer ya zama jagoransu. Wannan Colyer wani irin mutum ne. Saboda tsananin son kiɗan, ya shiga aikin jirgin ruwa, ya sulale daga jirgin a Amurka, ya isa New Orleans ya yi busa tare da dattawan garin irin su George Lewis, har aka ɗaure shi saboda ya wuce wa'adin bizarsa, aka koro shi gida. Ya dawo da aƙidar cewa yadda dattawan nan suke yi, haka za a yi, ba ragi ba ƙari. Shekara guda kacal suka yi suka raba gari, a 1954 ƙungiyar ta koma hannun Barber, Pat Halcox ya maye gurbin Colyer.

A cikin wannan shekarar ce suka ɗauki wata waƙa da ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Mai kaɗa musu banjo, Lonnie Donegan, ya rera Rock Island Line, wadda aka sani a bakin Lead Belly, da jita da allon wanki, Barber yana kaɗa babban goge. Da ta fito a faifai ita kaɗai, sai ta game Ingila da Amurka a 1956. Samarin Ingila suka ga ashe da jita mai araha da tarkacen gida ma ana kiɗa, aka yi ta kafa ƙungiyoyi a unguwanni. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta John Lennon a Liverpool, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama Beatles. A 1959 kuma Petite Fleur, wadda Sidney Bechet ya tsara, Monty Sunshine ya busa, ta sayar da faifai fiye da miliyan guda.

To, a nan ne halin mutumin ya fito. Tun daga 1935 ƙungiyar makaɗan Ingila da takwararta ta Amurka suke toshe wa juna hanya, har zuwa 1956, ta yadda Bature mai son jaz zai iya tsufa bai taɓa ganin masu kiɗan ido da ido ba. Da Barber ya sami suna da kuɗi, sai ya shiga gayyato su suna zagaya Ingila tare da ƙungiyarsa: Big Bill Broonzy, da Sister Rosetta Tharpe a 1957, da Sonny Terry da Brownie McGhee a 1958. Ya tsaya a bayansu yana yi musu amshi a gaban jama'ar da suka biya kuɗi domin su gan shi. Ba kowane tauraro ne zai yarda da wannan ba, domin kuwa duk wanda ya ji na asali zai gane inda na aro ya gaza.

Zuwan Muddy Waters a watan Oktoban 1958 shi ne ya fi ba ni abin tunani. Masu sauraro a Ingila sun saba da buluz na tsofaffin fayafaye, wato talaka ɗan ƙauye da jitarsa ta katako yana kukan duniya. Sai ga mutum ya zo daga Shikago da jita mai lantarki, da Otis Spann a kan fiyano, yana kiɗan da ake rawa da shi a gidajen shaƙatawar baƙaƙen fata a lokacin. Wasu masana suka ɓata rai, suka ce wannan ba shi ne buluz na gaskiya ba. Jama'a, a dubi wannan lamari: mutanen da suka koyi abu a faifai suna gaya wa haifaffen Mississippi cewa bai iya abin gidansu ba! Na taɓa zama a wani taro inda wani baƙo da ya koyi Hausa a ƙamusun Bargery na 1934 ya tashi yana gyara wa Bakano magana, saboda kalmar da Bakanon ya faɗa ba ta cikin littafi. Ciwon ɗaya ne. Mai koyo yakan daskarar da abu a ranar da ya same shi, alhali masu abin sun ci gaba da tafiya.

Barber bai faɗa wannan rami ba. Maimakon ya gyara wa Muddy Waters, sai ya gyara nasa kiɗan. Ya ba Alexis Korner da Cyril Davies fili suna buluz na lantarki a wasanninsa, kuma a da'irar ƙungiyar da suka kafa daga baya ne samarin Rolling Stones suka haɗu, waɗanda sunansu ma daga waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi. A 1964 ya sa mai jitar lantarki, John Slaughter, a ƙungiyarsa, abin da masu ra'ayin riƙau suka ɗauka tamkar cin amana.

Ba zan ce ya biya bashin duka ba. Dukiyar da ta fito daga wannan harka akasarinta aljihun samarin Turawa ta shiga, kuma waɗannan samari ne suka share jaz ɗin Barber daga kasuwa tun farkon shekarun 1960. Shi dai bai daina ba. Ya ci gaba da yawon wasa, musamman a Jamus da Holan, inda yake da ɗimbin masoya. Pat Halcox ya yi shekara 54 yana busa a gefensa kafin ya yi ritaya a 2008, shi kuwa Barber sai a 2019 ya ajiye ƙahonsa, bayan wata faɗuwa da ya yi.