Kaciyar Yahudawa: Yaya ake yi da wanda ya shiga addinin daga baya?

A addinin Yahudu, ana yi wa jariri kaciya ne a rana ta 8 da haihuwarsa, ko da kuwa ta faɗo ran Asabar, ranar da aka haramta musu aiki. Suna kiran wannan ibada brit mila, wato alkawarin kaciya, wanda suke dangantawa da Annabi Ibrahim (AS). Mai yin ta, wanda ake kira mohel, ba wanzami ba ne kawai, masani ne na hukunce-hukuncen addini.

To amma batun yana sarƙewa idan baligi ya nemi shiga addinin. Malaman ɗariƙar Otodoks, masu riƙo da tsohuwar fassara, sun shardanta masa kaciya, da nutsewa a wani tafkin tsarki mai suna mikve, da kuma bayyana gaban kotun malamai uku.

Idan kuma yana da kaciya tun da farko, kamar yadda Musulmi da Amurkawa da dama suke, hakan bai wadatar ba. Sai an ɗan tsaga wurin an fitar da ɗigon jini guda, domin a ganinsu yankan da aka yi ba da niyyar alkawari ba, aikin likita ne kurum. Ɗariƙar masu sassauci ta Rifom a Amurka kuwa ta sauke wajibcin kaciya ga mai shiga addinin tun ƙarshen ƙarni na 19.

Ɗan riƙo ma haka abin yake. A dokar Otodoks ta wajen uwa ake gadon Yahudanci, saboda haka yaron da mahaifiyarsa ba Bayahudiya ba ce sai an shigar da shi addinin, ko da malami ne ya ɗauke shi riƙo. Sai dai littafin Talmud ya ba shi damar yin watsi da hakan idan ya balaga, wato yana ɗan shekara 13.

Ba ƙaramar magana ba ce a Isra'ila, inda auren Yahudawa yake hannun hukumar manyan malamai. Yahudawan Habasha da aka kwaso ta Sudan a 1984 sun tarar ana shakkar asalinsu, ana neman su sake tsarkin shiga addinin da kakanninsu suka rayu a kai. Sun ɗauki hakan cin fuska, har suka yi makonni suna zaman dirshan a Birnin Ƙudus a 1985.